Alhaji ya ce "to" sau uku bai sha magani ba: nazarin hirar zaburarwa da wani dillalin albasa a Mile 12

Majiyyacin dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, mai shekara 54, asalinsa mutumin Aliero ta jihar Kebbi. Matansa da 'ya'yansa suna gida, shi kuma yana zaune a ɗakin haya a bayan kasuwa tare da ɗan ƙanensa da ke riƙe masa lissafi. Lamarin na koyarwa ne, an tsara shi daga irin abin da ma'aikatan lafiya ke cin karo da shi kullum, shi ya sa babu sunan mutum ko na asibiti. Alhaji za mu riƙa ce masa, yadda kowa ke kiransa a kasuwa.

Cikin wata takwas ya zo asibitin sha-ka-tafi sau uku, duk a kan ciwon kai da ke kama shi ta ƙeya. Awon jininsa a jere: 168/102, 172/104, 164/100. Da zarar awo ya kai 140/90 ko ya haura a ranaku biyu mabambanta an tabbatar da hawan jini, don haka cutar ba a cikin duhu take ba. An rubuta masa amlodifin mai miligiram 5, ƙwaya ɗaya kullum. Duk zuwan da ya yi karatun ɗaya ne: ka rage gishiri, ka daina goro, ka sha magani, in ba haka ba ɓarin jikinka zai shanye. Shi kuma ya saurara da ladabi, ya ce, "To likita, na gode, Allah ya saka da alheri." Ya sha maganin kwana huɗu ko biyar, kai ya lafa, ragowar ta kwanta a ƙasan jaka. A katinsa wani ya rubuta cewa ba ya bin umarni.

Rubutun ba ƙarya ba ne, sai dai bai gaya wa na gaba abin yi ba. Ba wanda ya tambayi yadda yininsa ke tafiya. Tireloli daga Arewa da tsakar dare ko gab da asuba suke isowa, kuma dole yana tsaye a wurin sauke kaya don ƙirga buhu da sallamar 'yan dako. Karin kumallo a teburin mai shayi, rana wajen mai abinci, dare indomi da ƙwai da tsire in ciniki ya yi kyau. Ba shi ke zuba gishiri a tukunyar da yake ci ba. Goro shi ke riƙe masa ido. Ciwon baya kuma diklofenak yake saya masa wajen masu tallar magani. Wanda aka ce wa "rage gishiri" a cikin wannan rayuwa, an ba shi umarnin da ba shi da hannun aiwatarwa.

Abin da dabarar ta ginu a kai

A zuwa na huɗu ya faɗa hannun wani ma'aikacin jinya, Bahaushe haifaffen Agege, wanda ya sami horo a kan hirar zaburarwa, wato dabarar yin hira da majiyyaci yadda niyyar canza hali za ta taso daga gare shi. William Miller, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, shi ya fara bayyana dabarar a 1983 daga aikinsa da masu fama da shan giya. A 1991 shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa ta, daga nan ta shiga harkar ciwon suga, barin taba, shan magani a kan kari da sauransu. Tushenta abu ne da kowa ya sani a zaman duniya: mai buƙatar canji zuciyarsa biyu ce, yana so kuma ba ya so. Idan ma'aikaci ya kama ɓangaren "ya kamata", majiyyaci sai ya kama ɓangaren "amma", kuma abin da mutum ya ji bakinsa yana maimaitawa shi ke zauna masa. Aikin ma'aikaci shi ne ya danne ɗokinsa na gyara mutum, ya ja hirar yadda dalilan canji za su fito daga bakin mai ciwon.

Ga inda aikin ke da wuya a cikinmu. Littattafan koyarwa sun fi kwatanta majiyyacin da ke musu. Dattijon Bahaushe kuwa da wuya ya ja da likita. Kara ba za ta bar shi ba. Ƙinsa yana zuwa ne cikin amincewa: gyaɗa kai, gajeriyar amsa, godiya da wuri, duba agogo, neman hula. Ma'aikacin da ya ɗauki wannan a matsayin yarda ya yi asarar zaman bai sani ba.

Zama na farko

An bar shi ya zauna minti biyar kafin awo, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. An tambaye shi ko ya ci goro cikin rabin awar da ta wuce, domin goro da taba da kofi suna ɗaga awo na ɗan lokaci. An auna sau biyu: 170/102. Babu ciwon ƙirji, babu sarƙewar numfashi, babu dishin gani ko mutuwar gaɓa. Wannan tantancewa ita ce farko a kullum. Da awon ya kai wajen 180/120 tare da ɗaya daga waɗannan alamu, ba hira za a tsaya yi ba, gaggawa ce.

Ma'aikacin ya nemi ɗan ƙanen ya jira a waje, ya juyo da kujerarsa daga bayan tebur, ya ajiye biro. Suka gaisa sosai, har da tambayar kasuwa da mutanen gida. Sannan ya ce:

"Alhaji, na ga an sha yi maka bayani a kan jinin nan. Yau ba wa'azi zan yi ba. So nake in ji daga bakinka, kai yaya kake ganin abin?"

"To, ai ku ne masana. Duk abin da kuka ce."

"Ka saba a faɗa maka, ka ce to, ka tafi."

Alhaji ya yi dariya. "Wallahi haka ne. Ni dai in kan ya sara ina sha. In ya sauka kuma, me zan sha wa magani?"

"Wato maganin na ciwon kai ne a wurinka. In kai lafiya, jini ma lafiya."

"Ƙwarai. Kuma an ce abin nan in ka fara shi ba ka rabuwa da shi har kabari."

A lura, maganganu biyu na ƙarshe da ma'aikacin ya faɗa ba tambayoyi ba ne. Mayar wa mutum da maganarsa ne, da murya mai sauka a ƙarshe, tare da ɗan hasashen abin da ke ƙarƙashinta. Tambaya tana sa mutum ya kare kansa. Mayar da magana tana sa ya ci gaba. Masu auna ƙwarewa a wannan fanni suna son a sami irin wannan mayarwa biyu a kan kowace tambaya ɗaya. Sabon hannu yawanci akasin haka yake yi, ya jero tambayoyi goma kamar ɗan sanda a kanta.

A nan ne jarabar gyara ta fi ƙarfi, domin Alhaji ya faɗi kuskure a fili: ciwon kai ba ma'aunin hawan jini ba ne, mafi yawan masu cutar ba sa jin komai. Ma'aikacin bai yi caraf ya gyara ba. Ya fara neman abin da ke da daraja a wurin mutumin.

"Me ya sa ka baro kasuwa a irin wannan lokaci ka zo?"

Alhaji ya yi shiru kaɗan. Ya ce wani abokin sana'arsa ya faɗi a rumfa bara, aka kai shi gida a kwance, yanzu sai an ɗaga shi an kwantar. Sai ya rufe da cewa, "Amma dai ciwo da mutuwa na Allah ne."

"Komai a hannun Allah yake. Kuma duk da haka ka bar buhuna a ƙasa ka hau mota ka zo awo."

"Ai an ce a nemi magani. Ni ba mutuwar nake tsoro ba, Malam. Kwanciyar. Ina da 'yan mata biyu da ban aurar ba, ga ƙananan suna makaranta. In na kwanta wa zai tsaya a Mile 12?"

Wannan ita ce maganar da ake nema. Da ma'aikacin ya shiga muhawarar ƙaddara da dattijon da ya girme shi, da ya faɗi, ko da hujjarsa ta fi. Ya karɓi maganar yadda take, ya ajiye aikin Alhaji a gefenta, ya haɗa su da "kuma", bai ce "amma" ba. Alhaji da kansa ya kawo hujjar neman magani.

Daga nan sai ma'aunin sifili zuwa goma. Ga wanda bai saba da irin wannan lissafi ba, yatsun hannu sun wadatar. "A cikin goma, nawa za ka ba muhimmancin sauke jinin nan?" Ya ce bakwai. Tambayar da ke biye ita ce gaba ɗayan dabarar: "Me ya sa bakwai, ba uku ba?" Amsarta dole ta zama dalilan canji, kuma ya jero su. Da an ce "me ya hana ta kai goma?", da uzurori zai lissafo. Sai aka tambaye shi, nawa zai ba kansa a kan iya shan ƙwaya kullum ba fashi. Ya ce uku. Bambancin bakwai da uku ya nuna inda matsalar take. Tsoratarwar da aka yi ta yi masa wata takwas tana ƙara wa bakwai ɗin nauyi ne, alhali ukun ce ke neman taimako.

Da aka bi ukun a hankali, abubuwa biyu suka fito. Na farko mantuwa, saboda asubarsa hargitsi ce. Na biyu sai da ya sassauta murya, ya kalli ƙofa: a majalisa an ce maganin hawan jini yana kashe wa namiji ƙarfi, shi kuwa mai mata biyu ne. Wannan magana ba za ta taɓa fitowa a gaban ɗan ƙanensa ba, kuma da wuya ta fito a gaban mace sa'ar 'yarsa. Wanda ke tsara aikin asibiti ya kamata ya san haka.

Sai yanzu bayani ya shigo, shi ma da tsarinsa: a tambayi abin da ya sani, a nemi izini a ƙara, a tambayi yadda ya ji. "Ka yarda in faɗa maka abin da aka sani a kan wannan?" Ya ce bismilla. Aka gaya masa a taƙaice: akwai wasu tsofaffin magungunan hawan jini, irin masu sa yawan fitsari da wasu masu rage bugun zuciya, da kan jawo wa wasu maza wannan matsala, amlodifin ba ya cikin waɗanda aka fi sani da ita, hawan jinin da aka bari ba magani shi kansa yana lalata jijiyoyin jini har da na wurin. Kuma jini na iya hawa ƙwarai mutum bai ji komai ba. "Yaya ka ji wannan?"

"Kamar albasa ke nan," in ji Alhaji. "Buhu ya yi kyau a ido, ka zazzage ka tarar ta ruɓe daga tsakiya."

Abu ɗaya ne ma'aikacin bai bari sai an lallaba ba, wato diklofenak. Ya faɗa a sarari cewa shi da ibufurofen suna ƙara hawan jini, suna rage aikin maganin, suna kuma taɓa ƙoda, ya ba da shawarar farasitamol a madadinsu har a duba bayan. Hirar zaburarwa ba ta hana faɗin gaskiyar da ta shafi haɗari; yanayin faɗin take gyarawa. Aka rufe zaman da taƙaitawa wadda ta tattaro maganganun Alhaji na son canji, 'yan matan da bai aurar ba, tsoron kwanciya, albasar da ta ruɓe, aka ce, "To me kake ganin za ka yi?" Ya ce zai gwada sha kullum na mako biyu ya dawo a gani. Zaman bai wuce minti ashirin ba.

Inda aka yi tuntuɓe

Ya dawo da 152/94, ƙwaya uku kawai ya tsallake. Murna ta ɗebi ma'aikacin, ya zaro takarda ya fara jero sauran: goro, gishiri, tsire, tafiyar minti talatin kullum, rage tumbi. Kafin ya kai na huɗu Alhaji ya koma gidan jiya: "To. To. In sha Allahu." Ya ɗauki hularsa daga gwiwa.

An yi gaggawar shiga tsara mataki a kan abubuwan da mai ciwon bai ce yana so ba. Ana gane bambancin ne daga abin da ke biye da alkawarin. Wanda ya ce zai yi in sha Allahu ya tsaya nan, sallama yake yi. Wanda ya ce in sha Allahu gobe bayan asuba zai fara, kuma a aljihun gaba zai ajiye, ya ɗauki niyya. Gyaran da ma'aikacin ya yi shi ne ya tsaya ya ce, "Alhaji, na yi maka lodi fiye da kima. Kai ka san yininka. A cikin waɗannan, akwai wanda kake ganin zai yiwu yanzu, ko mu tsaya a kan maganin tukuna?"

Goro, in ji shi, a bar maganarsa. Gishiri kuma zai duba. Aka tambaye shi inda yake ganin gishirin ya fi shiga cikinsa, aka ƙara masa da izininsa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin magi, garin ɗanɗanon indomi, yajin tsire, burodi, har da kanwa. Shi ya zaɓi biyu: mai shayi ya riƙa zuba masa rabin garin indomi, kuma ya daina barbaɗa yaji a kan abincin da an riga an dafa da magi. Tukunyar mai abinci ba a hannunsa take ba, aka bar ta. Ya tambaya ko zoɓo da tafarnuwa za su iya maye gurbin ƙwaya. Aka ce zoɓon da ba a cika wa sukari ba yana ɗan sauke jini, ya sha abinsa, amma ba zai sauke 170 zuwa inda ake so ba.

Maganin kuma ya ɗaura shi a kan abin da ba ya tsallakewa: sallar asuba. Katin ƙwayar yana aljihu ɗaya da carbi, ya idar ya haɗiya da ruwan leda kafin ya koma wurin motoci. Amlodifin yana daɗewa a jiki, don haka ko da safe ko da dare duk ɗaya ne, muddin lokacin bai riƙa canzawa ba. In ya manta ya tuna da rana ya sha. In har gobe ta yi, kada ya haɗa biyu. Aka kuma yi yarjejeniya guda: duk abin da ya ji a jikinsa wanda bai gane ba, ya zo a duba kafin ya yanke shawarar dainawa.

Wata na uku ya tafi gida lokacin cire albasa, ya yi mako shida, magani ya ƙare a mako na biyu. Ya dawo da 166/100, yana shigowa yana ba da haƙuri. Faɗa a wannan gaɓa shi ke sa mutum ya daina zuwa gaba ɗaya. Ma'aikacin ya ce, "Ka riƙe shi wata biyu cur a tsakiyar hayaniyar Mile 12, kuma da ka dawo ka zo da ƙafarka. Me ya taimake ka a lokacin, me kuma ya canza a gida?" Yabon na gaskiya ne, a kan aikin da ya yi, ba daɗin baki ba. Amsar ta nuna ba niyya ce ta karye ba, tanadi ne babu: bai san sunan maganin ba balle ya saya a kemis a Jega ko Birnin Kebbi. Aka ɗauki hoton kwalin a wayarsa, aka rubuta sunan da ƙarfinsa a takarda, ya ce duk tafiya zai sayi na wata biyu kafin ya hau mota.

Da jinin ya tsaya a wajen 150/94 duk da shan magani, likita ya ƙara amlodifin zuwa miligiram 10. Bayan mako uku ƙafafunsa suka kumbura a idon sawu, 'yan rumfa suka ce ƙoda ce ta tafi. Yarjejeniyar nan ce ta kawo shi asibiti maimakon wurin mai sassaƙe. Kumburin sananne ne da wannan magani, yana ƙaruwa da ƙaruwar ƙarfinsa, kuma yana faruwa ne saboda buɗewar ƙananan jijiyoyin jini, ga shi mutum ne mai yini a tsaye. Aka yi gwajin ƙoda da sinadarin fotasiyam, aka mayar da shi miligiram 5, aka haɗa masa da losatan mai miligiram 50, haɗin da ke sauke jini ya kuma rage kumburin.

Wata matsala da ta shafi Legas musamman: ranar da ma'aikacin nan ba ya aiki, wadda ta karɓi Alhaji ba ta jin Hausa, ɗan ƙanen ya yi tafinta. Ta yi tambaya mai kyau, yaya yake ji game da ƙarin ƙwaya ta biyu. Yaron ya juya ya ce, "Baba, ta ce dole ka riƙa shan biyu." Tafintan da ba a shirya shi ba yana taƙaita magana ya mayar da ita umarni, ya kuma tace amsar dattijo don kunya. In babu makawa sai da shi, a ɗauki minti ɗaya tun farko a ce masa ya faɗi kowace jimla yadda take, tambaya ta zauna tambaya, a riƙa yin gajerun jimloli, ana kallon majiyyaci ba tafinta ba. Maganar da ta shafi iyali kuwa a jira wanda ba dangi ba.

Kada a ɗora wa dabarar abin da ba za ta iya ba. Binciken da aka tattara a asibitoci ya nuna tana taimakawa, amma tasirinta matsakaici ne, kuma ya danganta ƙwarai da hannun mai yi. Bitar kwana biyu ba ta isa ta mayar da mutum gwani. Sai an riƙa sauraron hirarsa, da izinin majiyyaci, ana ƙirga tambayoyinsa da mayarwarsa da yawan lokacin da ya riƙe magana, ana gyara masa. Ba ta kuma sayen magani ga wanda ba shi da kuɗi, ba ta rage layin asibiti ko cunkoson hanyar Ikorodu. Alhaji yana da halin saya. Ɗan dakon da ke sauke masa buhu, ko an zaburar da shi, tambayar farko a kansa ita ce ta farashi.

A wata na bakwai awonsa 142/88, kumburi ya sauka, ya bar diklofenak, goro yana nan yadda yake. Lambar sama ta awon ba ta sauka ƙasa da 140 ba tukuna, kuma ba a yi masa gwajin suga da na fitsari ba, an sa su a zuwa na gaba. Shi ya tayar da maganar azumi da kansa, yana tambaya ko zai ajiye maganin har bayan salla. Aka tambaye shi abin da yake gani, aka gaya masa cewa ƙwayoyin nan biyu sau ɗaya ake shan su a yini, ana iya mayar da su lokacin buɗa-baki ko sahur, kuma ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, in jiri ya dame shi da rana ya zo a auna. Ya zaɓi buɗa-baki, domin sahur ɗinsa a tsaye yake yi a bakin tirela. An ba shi ranar dawowa a makon farko na azumi don a ga yadda awon ya karɓi sabon lokacin.